Rufin Asiri da Ciwon Ɗan Dambe

A cikin addu'o'in da Bahaushe yake yi wa ɗan'uwansa, da wuya a sami wadda ta fi "Allah ya rufa asiri" yawa a baki. Mu da muke zaune a Zangon Kwatano, Kirista 'yan kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, mun yi tarayya da su cikin wannan addu'a, mun kuma koyi wani abu mai kyau a wurinsu, wato wanda ya wanke gawa ba ya fita ya faɗi abin da idonsa ya gani. Likitoci ma haka suke. Alkawarin da ƙungiyar likitoci ta duniya ta fara rubutawa a Janiba a 1948, yadda yake a yau, ya ɗaure likita ya riƙe sirrin majiyyaci ko bayan mutuwarsa. Amma akwai wani ciwo da ba a tabbatar da shi sai an duba ƙwaƙwalwar mamaci, shi ya sa nake so mu yi tunani tare, ko kowane shiru ne rufin asiri.

Dambe wasan gado ne a ƙasar Hausa, musamman a gidajen mahauta, kuma duk inda fawa ta kai mutanenmu, labarinsa yakan bi su. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da zare har ya yi tauri, a yi turmi uku, wanda ya kai ƙasa a ce an kashe shi. Inda ake nema da naushi kuwa shi ne kai. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. Sa'ad da naushi ya sauka takan girgiza ta bugi ƙashi. Mutum yakan tashi ya karkaɗe ƙura, makaɗa su wasa shi, amma idan bugun ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, wani sinadari da likitoci ke kira tau yakan taru ya dinga lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu sannu. Daga baya sai mantuwa, da saurin fushi, da rawar jiki.

Tun a 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya rubuta labarin tsofaffin 'yan damben Turawa masu tangaɗi kamar mashaya. A 2002 kuma wani likita ɗan Najeriya daga jihar Anambra, Bennet Omalu, yana aikin binciken gawa a birnin Pittsburgh, aka kawo masa gawar Mike Webster, shahararren ɗan ƙwallon Amurka wanda ya mutu yana da shekara 50 bayan hankalinsa ya daɗe da rikicewa. Omalu ya duba ƙwaƙwalwar, ya ga ɓarnar, ya buga bincikensa a 2005. A Ingila ma, Jeff Astle, ɗan ƙwallon ƙafa na West Bromwich Albion wanda ya yi suna wajen buga ƙwallo da kai, ya mutu a 2002 yana da shekara 59. Iyalinsa suka yarda aka sake duba ƙwaƙwalwarsa a 2014, aka sami wannan ciwo. A 2020 hukumar ƙwallon Ingila ta ba da umarni a daina koya wa yara 'yan firamare buga ƙwallo da kai a wurin horo. Da waɗannan iyalai sun yi shiru, da ba a sani ba. Sai dai ilimin ya zo da tsada, gama duniya duka ta ji yadda Webster ya ƙare yana kwana a cikin mota.

Wannan magana ta same mu har gida. Akwai wani dattijo a ikilisiyarmu, mahauci, wanda ya yi kusan shekara 20 yana dambe a arewa kafin ya zo Kwatano ya ba da gaskiya. Mutum ne mai haƙuri da kyauta. Da tsufa ya fara kama shi sai halinsa ya juya. Yakan fita zuwa kasuwar Dantokpa ya kasa gane hanyar gida, sai wani ɗan zem ya dawo da shi. Yakan yi wa matarsa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Unguwa kuwa ba ta rasa fassara: wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce layun dambe ne suka juyo masa, wasu ma daga cikinmu suka ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi.

Bayan jana'iza ɗansa, wanda yake aikin jinya, ya so ya karɓo takardun asibitin mahaifinsa ya karanta a gaban jama'a. Uwarsa ta ƙi. Aka kira ni tare da wani dattijon ikilisiya mu saurare su. Ɗan ya ce, "Inna, ana ɓata sunan Baba, ga kuma jikokinsa sun fara ɗaure hannu." Ita kuwa ta ce, "Abin da na gani a ɗakina shekara bakwai, ni da Allah ne. Ba zan shanya mijina a kasuwa ba." Na dube su na ga kowa ƙauna ce take magana a bakinsa.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu misali biyu. A Littafin Farawa sura 9, Shem da Yafet suka ɗauki mayafi suka tafi da baya baya suka rufe tsiraicin mahaifinsu Nuhu, suka sami albarka. A Bisharar Yahaya sura 20 kuma, Ubangijinmu da ya tashi daga matattu ya nuna wa Toma raunukan hannuwansa da na kwiɓinsa domin ya ba da gaskiya. Ashe akwai tsiraici, akwai rauni. Tsiraici rufe shi ake yi. Rauni kuwa ana iya nuna shi idan zai ceci wani, muddin mai shi ko magadansa ne suka nuna da yardar ransu.

A kan wannan ne uwa da ɗa suka daidaita. Takardun suka zauna a akwatin gwauruwar. Abin da ya faru a ɗaki bai fita ba. Amma ta yarda ɗanta ya tsaya a taron matasa ya faɗi abu biyu: mahaifinsa ya sha bugu a ka shekara da shekaru, likita kuma ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne ya same shi. Bai ba ciwon suna ba, domin ba a duba ƙwaƙwalwar ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa mamaci abin da ba a tabbatar ba. Wannan kaɗan ɗin ya isa ya kashe zancen sammu.

Ga shawarata gare ku, 'yan'uwa. Idan akwai tsohon ɗan dambe, ko ɗan kokawa, ko ɗan ƙwallo a gidanku, ku tambaye shi tun hankalinsa yana tare da shi, abin da ya yarda a faɗa da abin da yake so a binne da shi. Maganarsa ta fi ta kowa nauyi, za ta kuma hana rigima a ranar makoki. Idan yaro ya bugu a ka ya suma, ko ya yi amai, ko jiri ya kama shi, a fitar da shi daga fili a kai shi asibiti, kada a zuba masa ruwa a mai da shi wasa. Fastoci da dattawa kuma mu kiyaye harshenmu, kada mu kira ciwo zunubi. Ubangiji ya ba mu hikimar sanin abin rufewa da abin faɗa, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.