Kyasuwa a Ƙasar Baƙunta

A ƙarshen watan Afrilu, sa'ad da damina ke ban kwana da arewacin Ostireliya, wani ɗalibin aikin gona ɗan asalin Katsina ya tsaya a bakin hanya a bayan birnin Darwin, ya zuba wa wata ciyawa ido. Malamarsa ta nemi ya faɗi sunanta. Tun kafin ta rufe baki ya gane ta: kyasuwa ce, wadda yake yanko wa ragunan mahaifinsa yana yaro.

Malamar ba ta gamsu ba, kuma tana da hujja. A can akwai ciyayi biyu masu kama da juna, dukansu baƙi daga Afirka. Ɗaya ita ce kyasuwa, wadda masana ke kira Cenchrus pedicellatus, mai mutuwa kowace shekara ta bar iri. Ɗayar kuwa, Cenchrus polystachios, takan sake tohowa daga tushenta. Wanda ya yanke ta farko kafin irinta ya nuna ya rage ta baɗi. Wanda ya yanke ta biyu ya bar tushe, aikin banza ya yi.

Sai ya durƙusa ya tumɓuke guda. Ta fito ba gardama, saiwarta ba zurfi, babu busassun karan bara a gindinta. Ya sa zangarniyar ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Gashin da ya kewaye 'ya'yan ya cika da laushi kamar auduga. A kowane gungu 'ya'yan kan kai biyar, kuma aƙalla ɗaya na tsaye a kan ɗan gajeren kara. Wannan karan ne ya ba ta sunanta na Latin. 'Yar'uwarta ɗa ɗaya take da shi a gungu, ba kara.

A 2009 gwamnatin Ostireliya ta sa ciyayin biyu, tare da gamba, cikin masu barazana ga dajinta, domin idan suka bushe da rani sukan ƙara wa gobarar daji ƙarfi. A gida, dabbobi da lauje ba sa barin kyasuwa ta taru haka.

Ya rubuta sunanta a littafinsa, ya ɗaure abin da ya tumɓuke a buhu don kada irin ya zube. A Katsina, wannan damin abincin daren rago ne.