Kyauta ko Amana: Darasi daga Shari'ar Stockfish

A Ingilishi kalma guda, free, tana ɗauke da ma'ana biyu: abin da ba a biya kuɗinsa ba, da abin da ba a yi wa takunkumi ba. Faransanci ya raba su, gratuit daban, libre daban. Haka Hausa ma, kyauta daban, ƴanci daban. A tsakanin waɗannan ma'anoni biyu rigimar Stockfish ta taso.

Stockfish manhaja ce ta wasan ces, wato darar Turawa. Ta fito a 2008 daga wata manhaja mai suna Glaurung, wadda Tord Romstad ɗan ƙasar Norway ya rubuta, kuma masu aikin sa kai ne suke gina ta a ƙarƙashin lasisin GPL. Lasisin ya yarje wa kowa ya ɗauka, ya gyara, har ya sayar. Amma wanda zai rarraba ta, wajibi ne ya ba da rubutun tushenta, ya bar sunayen marubutanta, ya bayyana cewa ya yi gyara, ya kuma miƙa ta da lasisin da ya karɓe ta da shi.

A Fabrairun 2021 kamfanin ChessBase na birnin Hamburg ya fara sayar da Fat Fritz 2. Marubutan Stockfish suka ce aikinsu ne aka yi wa ɗan gyara da sabon suna, suka faɗi makamancin haka game da Houdini 6. A Yulin shekarar suka kai ƙara kotu a Munich. A Nuwamban 2022 aka yi sulhu: kamfanin ya yarda ya dakatar da sayar da duk abin da ya ƙunshi Stockfish har shekara guda. Masu ƙarar ba su nemi diyya ba.

Rashin neman diyyar shi ne abin lura. Ba ciniki suka tsana ba, tunda lasisinsu ya halatta shi. Abin da suka ƙi shi ne a tauye wa mai saye haƙƙin sanin asalin abin da ya saya da ikon gyara shi. Ashe abin da aka karɓa da sharaɗin a isar wa na gaba bai zama kyauta ba, amana ce.

Ɗalibin ilimin harshe da ya sauke jerin kalmomin wani daga intanet, ya ƙara masa alamun karin sauti, yana fuskantar wannan tambaya. Gyaran nasa ne, ba mai musu. Tushen kuwa yana da masu shi, kuma sun rubuta sharuɗɗansu. Ya kamata ya karanta su kafin ya sa sunansa a bangon kundi.