Gonata ta Cikin Gilashi

Murjanin da na fara sani shi ne na wuyan Inna, jan dutsen ado da take fiddowa daga ƙasan adaka ranar biki. Sai da na girma, ina zaune gaban kwamfuta ina rubuta manhaja ga mutanen da ban taɓa gani ido da ido ba, sannan na san ashe murjani dabba ce mai rai. Daga nan abin ya shiga raina. Ni da aka haifa a wani ƙauye kusa da Malumfashi, ruwa mafi girma da na sani ina yaro shi ne dam ɗin Mairuwa, sai ga ni ina haɗa teku a ɗakina a Funtua.

Akwatin gilashi ne mai cin lita 60. Ruwan sai an tace shi, a zuba masa gishiri na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita, a riƙe zafinsa tsakanin digiri 24 da 26. Wanda ya san Funtua a watan Afrilu ya san wannan kaɗai yaƙi ne. Na sa sola da batir don kada famfo ya tsaya in an ɗauke wuta. Murjani guda uku, kowanne bai fi kan yatsa ba, na sa aka ɗoro mini su daga Legas cikin kula a motar dare. Kuɗinsu kuwa har yau ban faɗa wa kowa a gida ba.

Duk wannan na iya. Fitila ce ta kayar da ni.

Irin murjanin da ake kiwo a gilashi yana da wasu ƙananan tsirrai, dangin gansakuka, da ke zaune cikin namansa. Su ke karɓar haske su haɗa abinci, shi kuma ya ci daga ciki, ya ba su wurin zama. Wato manomi ne mai gona a jikinsa. A teku kuma, ruwa yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin sama, shuɗi ne ke nitsawa ƙasa sosai, don haka waɗannan tsirrai suka ƙware wajen cin shuɗi. Shi ya sa masu wannan kiwo ke sayen fitilar LED mai ba da haske wajen nanomita 450, su gauraya da fari kaɗan.

Amma in faɗi gaskiya, ba don abincinsu na so shuɗi ba. Akwai wani sinadari a jikin murjani da ke haɗiye shuɗin haske ya mayar da shi kore ko ruwan lemo. Daren farko da na kashe farin na bar shuɗin kaɗai, abin da ya zo mini da rana kamar guntun citta sai ya kama walƙiya kamar an kunna shi daga ciki. Na zauna a ƙasa ina kallo har aka kira sallar asuba. Da safe na rubuta 'yar manhaja a kan Arduino mai sarrafa fitilar, na kai shuɗin ƙarshensa, awa 14 a rana, da dare kuma na bar shi kaɗan, wai farin wata. Maƙwabta suka fara magana. Matashi ba ya fita aiki, ga kwamfuta, ga shuɗin haske a taga har tsakar dare. Kun san sunan da aka ba ni.

A idona fitilar ba ta da wani ƙarfi. Ɗakin ma kamar magariba yake. Na auna da manhajar waya, ita ma ta ce hasken kaɗan ne. Abin da ban yi tunani ba shi ne, idon mutum ya fi kama haske tsakanin kore da rawaya, wajen nanomita 555. A 450, abin da yake kamawa bai kai kashi 5 cikin 100 na wancan ba. Ma'aunin wayar kuma an gina shi ne ya kwaikwayi ido. Shaidu biyu na samu, ashe duk bakinsu ɗaya.

Cikin mako na biyu murjanin suka fara haske, ni kuma ina murna wai launi ne ke fitowa. A na uku, guda ya koma fari fat kamar alli. In haske ya yi wa tsirran nan yawa, sai su fara fitar da abin da ke cutar da mai masaukinsu, shi kuma ya kore su, ya zauna da yunwa. Irin abin da ya sami babban tsaunin murjani na Ostareliya ke nan a 2016 da 2017, can zafin ruwa ne ya jawo. Nawa kuwa da hannuna na yi.

A makon ne Baba ya shigo Funtua sayen taki, ya biyo ta gidana. Tun farko yana ganin abin ɓarnar kuɗi ne, kifin da ba a ci, dutsen da ba a sawa a wuya. Ya tsaya gaban gilashin hannu a baya, na yi masa bayani iya iyawata. Sai ya ce, "To, can inda ka sayo su, wace irin rana suke sha?"

Na ce, "Ban tambaya ba, Baba."

"Kai da ka tashi a fadama? Ka taɓa ganin na yaye wa irin tumatir ciyawa rana ɗaya? Kaɗan kaɗan ake janyewa har ya saba." Ya nuna fitilar da haɓa. "Da dare ma haka take?"

Na ce haka take.

"Dawa ma tana ƙirga darenta. Ko ka yi shuka da wuri ko ka makara, ba ta fid da kai sai dare ya fara tsawo. Kai ka hana naka dare."

Wannan magana ta dawa gaskiya ce, masu bincike a Samaru sun daɗe da rubuta ta game da kaura da farfara. Shi bai karanta ba, shekara arba'in ya yi yana gani.

A daren na gyara manhajar. Na sauke shuɗin zuwa kashi 30, awa 8, ya taso a hankali da safe, ya sauka a hankali da yamma, ƙarfe tara a kashe komai. Duk mako in ƙara kashi 5, in na ga sun tsuke jiki in dakata. Na buga wa mai sayarwar na Legas, ya ce nasa ba ya wuce rabi, kuma fitilarsa ta fi tawa nisa da ruwa. Tambayar minti ɗaya.

Farin bai tashi ba. Na ciro ƙashinsa na wanke, yana nan kusa da kwamfutata. Biyun sun ɗauki kusan wata uku kafin su dawo, kuma launin da suka fara dawowa da shi ruwan ƙasa ne, mara kyan gani, launin tsirran da suka koma gida. Yanzu shuɗin yana kashi 55, ban da niyyar wucewa. Da rana ina haɗa masa fari don in ga halin da suke ciki sosai, domin shuɗi kaɗai yana ɓoye ciwo. Rabin awa kafin a kashe nake barin shuɗin zalla, in zauna in yi kallona.

Jiya Baba ya kira a kan maganar masara. Har mun yi sallama, sai ya ce, "Af, ya gonar taka ta cikin kwalba?" Na ce ɗaya ya fid da sabon reshe, bai kai ƙwayar gero ba. Ya ce in ɗauko hoto in tura ta wayar ƙanena, Inna na son ta gani.