Mai Jewa a Sama da Mai Kiwo a Ƙasa

Ɗalibai da yawa sukan haddace sunayen tsuntsaye, shirwa da shaho da ungulu da gaggafa, amma in ka nuna musu wani baƙin abu yana jewa a sama sai su ce “tsuntsu ne”. Mai kiwon agwagi ba shi da wannan sukuni. Ina da ƴan agwagi a bayan gida, kuma agwagwa takan kwanta a kan ƙwai kwana 35 kafin ta ƙyanƙyashe. Wanda ya yi wannan jira dole ya san wace inuwa ce za ta sa ya tashi da gudu.

Abin da na koya wurin mahaifiyata shi ne a fara duba wutsiya. Shirwa wutsiyarta a tsage take, kuma tana murɗa ta hagu da dama yayin da take shawagi ƙasa-ƙasa bisa kasuwa da mahauta da gidaje. Ita ce babbar abokiyar gabar ƴaƴan agwagwa a makonninsu na farko. Sai dai nauyinta da ƙyar yake kai kilo ɗaya, alhali toron agwagwa yakan wuce kilo huɗu, don haka babba ya fi ƙarfinta. A kula da aikatau ɗin da Hausawa suka ba ta: shirwa ta suri ɗan tsako. “Sura” ɗauka ce cikin tashi, ba tare da an sauka ba.

Shaho bai cika ba da sanarwa ba. Jikinsa a tsuke yake, bugun fiffikensa da sauri, kuma sau da yawa sai ka ji kururuwar kaji kafin ka gan shi. Ba banza ba karin magana ya haɗa shi da muzuru: zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Ungulu kuwa girmanta ne ke tsorata baƙo. Fikafikanta masu faɗi ne, wutsiyarta gajera, tana jewa can sama ba ta cika kaɗa fiffike ba. Gaskiya ne ungulu ba ta jewar banza, amma mushe take nema, ba ruwanta da agwagwa mai rai. Ita ce ma abin tausayi: tun 2015 aka sa irin wadda muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Shamuwa ma, wadda ke miƙe wuya gaba da ƙafafu baya, fara da ƙwari take bi, zuwanta kuma albishir ne na damina. Gaggafa, mai guntuwar wutsiya da tangaɗi a iska, ta daji ce, da wuya ta leƙo gari.

Wanda ake rainawa shi ya fi yi mini ɓarna: hankaka, mai farin ƙirji. Ba ya sura, sai ya zauna a kan katanga ya jira uwa ta tashi cin abinci, ya fasa ƙwai ko ya ja ɗan da ya ware. A nan akwai darasin nahawu. Hankaka namiji ne duk da ya ƙare da “a”, ungulu kuma tamace ce duk da ta ƙare da “u”. Shi ya sa muke cewa hankaka ya sauka, ungulu ta tashi.

Maganin bai da tsada. Ina tsare ƴaƴan a ƙarƙashin kwando ko akurki mai rufin raga har su yi wata guda, in ajiye musu ruwa a ƙarƙashin rumfa, in kuma lura da uwar: in ta karkata kai ta zuba wa sama ido ɗaya, to ta riga ni gani.

Shawarata gare ku, ɗalibai, ku fita da hantsi lokacin da iska ta ɗumama, manyan tsuntsaye suka hau sama. Ku dubi wutsiya, ku dubi fiffike, sannan ku tambayi wata dattijuwa mai kaji sunan abin da kuka gani, ku rubuta shi yadda ta faɗa.