Iware: Abincin Mai Gudun Fulawa

Matafiyin da ya baro Jalingo ya nufi Wukari, ba zai yi nisa ba sai ya iske Iware, garin kasuwar shanu a Ƙaramar Hukumar Ardo-Kola. Idan yana bin tsarin abincin nan na keto, wanda bai yarda sitaci da sukari su wuce giram 50 a yini ba, to ya yi hattara da tumatirin da aka gasa cikin ɓawon fulawa. Tumatir ba shi da laifi, domin giram 4 kurum ke cikin giram 100 nasa. Na fulawa kuwa ya haura 70. Gara ya zauna gun mai shayi a soya masa ƙwai da tumatir, ban da burodi. Balangu kuwa, ai gidansa aka zo.