Ɗan tilo a ƙasar baƙi

Nakan yi tunanin matasan ƙasar Sin da ke sauka a Flushing, unguwar birnin New York da Sinawa suka cika. Ga abincin gida, ga rubutun harshensu a allunan shaguna, amma duk da haka kewa takan bi mutum har ɗakin kwanansa.

Da yawansu an haife su ne a zamanin dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015. Babu wa, babu ƙane, burin iyaye da kakanni duka yana wuyan mutum ɗaya. Tazarar lokaci tsakanin New York da Beijing awa 12 ce ko 13, don haka sa'ad da yaro ya dawo daga aiki a gajiye, mahaifiyarsa tana shirin fita da safe. Ya kira ta ta manhajar WeChat, ya ce komai lafiya, ya haɗiye sauran maganar don kada hankalinta ya tashi. Wannan ɓoyon ne ya fi taɓa min zuciya.

Abin da ke rage musu nauyi ba ya wuce haɗuwa da mutane: ajin koyon Turanci kyauta a ɗakin karatu na unguwa, ko taruwa a ɗakin aboki a yi girki tare a bikin sabuwar shekararsu. Zumunci a ƙafa yake. Duk mai maƙwabci baƙo, ya kamata ya taka ya gaishe shi, ya kuma zauna ya saurari amsarsa.