Kekena da hunturun bana

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta raga wa keke a Kunduru. Wasu sukan cika sarƙa da baƙin mai. Ni ban yarda ba, yashi yake kamawa. Nakan wanke tawa da kananzir, in ɗiga mai kaɗan.

Fitila ce ta fi damuna. Da kuɗin takalmin Kirsimeti na sayi biyu, gaba da baya, domin a hazon asuba direban babbar mota a hanyar Kankiya ba ya ganin mai keke. Ƙanena nake goyawa zuwa addu'ar safe. Mama takan tsaya a ƙofar gida tana roƙon Ubangiji ya tsare mu, har jar fitilar ta ɓace mata.